Yadda Ake Kai Babur Ƙasar Waje Domin Yawon Tsaunuka

Wanda ya ƙudura zai hau babur ɗinsa na kansa a tsaunukan wata ƙasa, daga ƙarshen tafiyar ya kamata ya faro lissafi. Kafin ya tambayi kowane kamfani kuɗin ɗauka, ya san ranar da hanyoyin da yake so za su buɗe, ya san takardar da za ta fitar da babur daga hannun kwastan na can, ya kuma san yadda zai dawo da shi. Tun ran gini ran zane. Yawancin tafiyar da ta lalace, babur ya isa lafiya lau, amma ya kwana goma a rumbun ajiya yana jiran hatimi ɗaya, mai shi kuma yana ƙirga kwanakin hutunsa suna zubewa.

Lokaci shi ne na farko. Manyan mashigai na tsaunukan Alps na Turai a rufe suke duk lokacin dusar ƙanƙara. Mashigin Stelvio na Italiya, mai tsayin mita 2,757 da lanƙwasa 48 a ɓangarensa na arewa, yakan buɗe ne wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a sake rufe shi da shigowar sanyi. Iseran na Faransa, mai mita 2,764, shi ma sai cikin Yuni. Hanyoyin Ladakh ta Indiya a tsaunukan Himalaya daga Yuni zuwa Satumba ne suka fi biyuwa. A kudancin tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu kuwa abin a juye yake, domin a kudancin duniya zafi yana faɗowa ne daga Disamba zuwa Maris. Da ka tsayar da ranar da kake so ka fara hawa, sai ka ƙirgo baya: ta jirgin sama ka ware mako biyu, ta jirgin ruwa ka ware wata biyu zuwa uku, ka kuma ɗora wata guda a kai saboda takardu.

A nan ne kuma ya dace mutum ya yi wa kansa gaskiya. Idan yawon bai wuce mako biyu ba, kuma sai an ƙetare teku, hayar babur a can ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Daga wata guda zuwa sama ne kai naka yake fara biyan kansa, ko kuma idan za ka ratsa ƙasashe da yawa, tunda kamfanonin haya ba kasafai suke yarda a ƙetare iyaka da babur ɗinsu ba.

Zaɓen hanya

Idan ƙasar tana haɗe da taka ta ƙasa, tirela ko motar ɗaukar kaya ita ce mafi kwanciyar hankali. Babur yana idonka, tayoyinsa ba su cinye a kan babbar hanya ba, kai ma ka isa gindin tsauni da sauran ƙarfinka. Akwai kuma kamfanonin da ke tara babura da yawa a babbar mota su kai su wuri ɗaya, mai babur ya bi jirgi ya tarar da shi.

Jirgin sama ya fi tsada a takarda, amma ranarsa tabbatacciya ce, kuma fitar da kaya daga filin jirgi yawanci aikin yini ɗaya ne. Jirgin ruwa yana zuwa da farashi mai daɗin ji, sai dai abin da ake faɗa maka da farko kuɗin ɗauka ne kawai. A tashar da za a sauke akwai kuɗin sarrafa kaya, da na buɗe kwantena, da na takardu, da na wakilin fito, da na ajiya idan an yi jinkiri, kuma ba abin mamaki ba ne jimillarsu ta kai kuɗin ɗaukar ko ta wuce shi. Saboda haka kada ka amince da farashin da bai haɗa da na tashar sauka ba. Ka ce a rubuto maka shi dalla-dalla, da sunan wakilin da zai karɓa a can.

Ta ruwan ma iri uku ce. Akwai kwantena ta haɗaka, inda akwatin babur ɗinka zai shiga cikin kayan wasu, a caje ka bisa yawan mita kubik. Matsalarta ita ce ba ta tashi sai ta cika, kuma idan kwastan suka riƙe kayan mutum ɗaya, kowa ya jira. Akwai kwantena taku ku kaɗai: mai ƙafa 20 tana da tsawon kusan mita 5.9 da faɗin mita 2.35 a ciki, tana ɗaukar babura biyar ko shida ba tare da an cire musu komai ba, don haka abokan tafiya su fi cin ribarta. Sai jirgin da ake tura abin hawa ciki da tayarsa. Wannan babu akwati, amma makulli yana hannun ma'aikata, kuma ba a yarda a bar kaya a jikin babur ba.

Takardu

Ka fara da abin da ya fi sauƙin gyarawa tun kana gida: ka ɗauki takardar rajistar babur, ka durƙusa, ka karanta lambar shasi da ke wuyan babur da lambar inji harafi bayan harafi. Sifili da harafin O, lamba 8 da harafin B, lamba 5 da harafin S, su ne suka fi rikicewa. Jami'in kwastan da ya ga harafi ɗaya ya saɓa ba zai saki babur ba, kuma gyara daga nesa azaba ce. Sunan da ke rajista ya zama daidai da na fasfo. Idan babur na wani ne, ko na kamfani, ko akwai sauran bashin banki a kansa, sai da rubutaccen izini mai hatimin hukuma.

Babur ɗin zai shiga ƙasar ne a matsayin baƙo, ba a biya masa kuɗin fito ba, bisa sharaɗin zai fita. Yadda ake tabbatar da sharaɗin ne ya bambanta. Tarayyar Turai tana barin abin hawa na baƙo ya zauna har wata shida don amfanin mai shi. Yawancin ƙasashen Amurka ta Kudu a bakin iyaka suke ba da takardar shiga ta wucin gadi. Amurka tana ba da har shekara ɗaya, amma sai an nemi wasiƙar sassauci daga hukumar kare muhalli ta EPA tun kafin babur ya tashi, a kuma cika fom na HS-7 da na 3520-1. Indiya da Pakistan da Iran kuwa suna neman takardar Carnet de Passages en Douane, wadda matafiya ke kira karne.

Karne tamkar fasfo ne na babur. Ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyin duniya na FIA da AIT ne ke bayarwa, yana aiki shekara ɗaya, kuma sai ka ajiye jingina ko lamunin banki gwargwadon darajar babur da ƙasar da za ka. Kowane shafi kashi uku ne. Ranar shiga jami'i zai yage na ƙasa ya buga hatimi a kan na sama wanda ke zama a littafin. Ranar fita wani zai yage na tsakiya ya buga hatimi na biyu. Hatimin nan na biyu shi ne kuɗinka. Idan babu shi, a idon hukuma babur bai fita ba, za su nemi kuɗin fito daga jinginarka ko da babur ɗin yana kafe a ƙofar gidanka. Kada ka bar gaban teburin sai ka ga hatimi biyu da sa hannu da kwanan wata da idonka.

Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri biyu ne a yawancin wurare: na yarjejeniyar 1949 mai aiki shekara ɗaya, da na yarjejeniyar 1968 mai iya kaiwa shekara uku. Ka bincika wanda ƙasar ke karɓa, ka tabbata an buga hatimi a gurbin babur, ka kuma riƙe lasisinka na gida tare da shi, domin shi kaɗai ba ya aiki.

Inshora ma biyu ce, kuma mutane suna cakuɗa su. Ta farko ita ce ta hanya, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna; a Turai ana nuna ta da koren kati, wanda babur ɗinsa ya fito daga wajen tsarin kuma sai ya sayi inshorar kan iyaka. Ta biyu ita ce ta kaya yayin da babur ke hannun masu ɗauka. Kada ka dogara da alhakin kamfanin jirgi, domin doka ta ƙayyade abin da za su biya bisa nauyin kaya ne, kuma ba ya kusantar darajar babur. Ka karanta ko inshorar tana biyan karce da karaya, ko sai babur ya salwanta gaba ɗaya. A teku akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ba kowa ya sani ba: idan jirgi ya shiga hatsari aka yi asara don a cece shi, duk masu kaya a ciki suna tarayya wajen biya, ko da kayansu ba su taɓu ba. Inshorar kaya mai kyau tana ɗauke maka wannan.

Kafin babur ya bar ƙasarka, ka sa kwastan na gida su rubuta fitarsa ta wucin gadi, don kada ranar dawowa a ɗauke shi sabon shigo da kaya. Duk takardun nan ka yi musu kwafi uku, ka ɗauki hotonsu a waya. Na asali su bi ka a jakarka. Kada ko ɗaya ta shiga cikin akwatin babur, domin da su ne za a buɗe akwatin.

Gyaran da tsauni ke bukata

A yi shi a gida wurin makanikin da ya san babur ɗin, mako biyu ko uku kafin lodi, don ka samu ka hau shi ka ji ko akwai abin da aka bari a kwance.

Birki ne kan gaba. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 155. Gangaren kilomita ashirin da kaya da fasinja yana iya kai shi can, kuma idan ya tafasa sai ka matsa hannun birki ya taɓo roba ba tare da ya kama komai ba. In man ya kai shekara biyu, a zubar a sa sabo. Takalman birki idan sun ci rabi, a canza su. Tayoyi su zama masu sauran nisan da ya ninka tafiyar, domin kwana da kwalta mai kaushi suna cin gefen taya fiye da yadda aka saba. A duba sarƙa da haƙoran da take hawa, a canza baƙin mai da matatar iska, a duba ruwan sanyaya inji.

Iska tana raguwa da tsayi, inji kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. A kan Stelvio ke nan fiye da rubu'in ƙarfin ya tafi. Babur mai kwamfutar raba mai yana daidaita kansa. Mai kafireto kuwa mai yana yi masa yawa, ya riƙa shaƙewa, filogi ya yi baƙi. Wanda zai daɗe sama da mita 3,000 ya tafi da ƙaramin jet, wato bakin da mai ke fita a kafireto, da filogi na ajiya, ya kuma tuna ya mayar da na asali idan ya sauko, don ƙarancin mai a ƙasa yana ƙona inji. Mai salansa mai ƙara ya sani cewa tun 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana babur da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyinta a lokacin yawo, kuma abin da ke rubuce a takardar babur suke dubawa.

Daga nan sai wanki, wanki na gaske: ƙarƙashin madogarar laka, tsakanin haƙoran taya, bayan farantin da ke kare inji. Ostireliya da New Zealand suna tsananta binciken ƙasa da irin ciyawa, kuma dunƙulen laka ɗaya ya isa a tura babur wanki na dole a kan kuɗinka. Bayan ya bushe, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, da lambar kilomita, da duk wani tsohon karce.

Mai, batir da kayan da ba a yarda da su ba

A wurin masu jirgin sama babur kaya ne mai haɗari, lambarsa UN3166, aji na 9, kuma sai ƙwararre mai izini ya cika masa takardar shaida. Man da ke tanki kada ya wuce rubu'i. Wasu kamfanonin sun fi son a tsiyaye shi har sai fitilar gargaɗi ta kama. Ka bar abin da zai kai ka gidan mai na farko, kusan lita biyu, idan sun yarda. Batir a cire masa waya, ta baƙi da farko sannan ta ja, a naɗe bakin kowace da tef. Idan batir ɗin na litiyam ne, ka faɗa musu tun wuri, domin ƙa'idarsa daban ce. Ƙararrawar ɓarayi a kashe ta, in ba haka ba girgiza za ta tayar da ita har batir ya mutu.

Abin da ya fi mayar da akwati baya a wurin na'urar bincike ƙananan abubuwa ne da aka manta a ƙarƙashin kujera: gwangwanin feshin sarƙa, ƙananan tulunan iska na hura taya, gam ɗin faci, gas ɗin girki na zango, galan mai warin fetur. Duk a fitar, a saya a can. Ba a bukatar sace iskar taya. Taya mai laushi tana sa bel ya saki a hanya.

Haɗa akwati

Jirgin sama yana cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin gaske da nauyin girma. Ana samun na biyun ne idan aka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, aka raba da 6,000. Ɗauki babur mai kilo 230 da akwati mai kilo 40, jimilla 270. Idan an sa shi yadda yake a akwati mai 220 da 90 da 120, nauyin girma ya zama kilo 396, kuma shi za ka biya. Idan aka cire tayar gaba da gilashi da madubai aka kwantar da kan babur, akwatin ya koma 190 da 80 da 105, nauyin girma ya sauko 266. Yanzu kilo 270 za ka biya. Lissafin ya kuma nuna inda za ka tsaya: duk abin da ka ƙara kwancewa bayan nan wahalar banza ce.

Katako mai kauri da za a ƙetare iyaka da shi sai yana ɗauke da tambarin ISPM 15, shaidar an gasa shi ko an yi masa maganin ƙwari. Falankin da aka matse a masana'anta ba ya bukatar tambarin. Hanya mafi sauƙi ita ce firam ɗin ƙarfe da sababbin babura ke zuwa a ciki. Dillalan manyan babura sukan rasa yadda za su yi da su. Ƙasan akwati ya zama da ƙafafu masu tsayin santimita 10, don cokulan motar ɗaga kaya su shiga ta kowane gefe.

Wurin cire tayar gaba a natsu. A sassauta notunan tun babur yana ƙasa, a ɗaga gaban, a zare sandar da ta ratsa tayar. Zobban ƙarfe biyu da ke gefen taya sau da yawa ba girmansu ɗaya ba, don haka a sa kowane a leda a rubuta hagu ko dama. A cusa ɗan katako ko kwali mai kauri tsakanin takalman birki, domin idan wani ya matsa hannun birki babu faifai a tsakani, za su haɗe, buɗe su kuma sai da dabara. A kula da wayar na'urar ABS mai hana taya ƙullewa idan an kama birki, siririya ce. Sai a mayar da sandar cikin ƙafafun shakazoba, a zaunar da ita a kan gungumen katako da aka ɗaure da ƙasan akwati. Idan an kwantar da kan babur, kofin man birki ya kasance yana kallon sama, kada ya yi yoyo ko iska ta shiga layin. Kafin a kwance shi, a ja layi da alkalami a inda yake zaune, don ya koma daidai.

Ɗauri

Wannan ɗaya ne ko a akwati, ko a kwantena, ko a tirela. Bel huɗu masu hannun ɗamewa, kowane mai ƙarfin riƙe kilo 500 ko fiye, da madaukai masu laushi don ƙugiyar ƙarfe kada ta taɓa jikin babur. Na gaba biyu su kama ƙarfen ƙasa da ya riƙe shakazoba biyun, su sauka gaba da gefe a karkace, kusan digiri 45. Kada a ɗaura a ƙarshen kan babur, yana lanƙwashewa, kuma robar totur tana fashewa. Kada bel ya danne tiyon birki ko waya. Na baya biyu su kama firam ko ƙarfen matakin fasinja, su ja baya kaɗan.

A ɗame hagu kaɗan, dama kaɗan, ana yi ana duba babur yana tsaye cak. Shakazoban gaba ya nutse kamar sulusin tafiyarsa zuwa rabi. Idan bai kai haka ba, duk ramin da aka faɗa babur zai nutse, bel ya saki, ƙugiya ta fita. Idan kuma aka danne shi har ƙasa aka bar shi makonni, robar da ke tare mai tana iya fara yoyo. A naɗe ƙafar gefe. Babur da aka ɗaure a kanta yana iya lanƙwasa ta ko ya huda katakon ƙasa. Tayar baya a kafa mata katako gaba da baya da gefe biyu, domin ita ce ke zamewa gefe a hankali har babur ya kwanta. Idan an gama, ka kama babur ka girgiza da ƙarfinka: akwatin ko tirelar ce za ta motsa tare da shi. Ragowar bel a naɗe a ɗaure.

Ta teku akwai ƙarin abokin gaba, wato raɓar cikin kwantena, wadda ke taruwa a rufi da dare ta ɗiga. A fesa man hana tsatsa a kan ƙarfe da notuna, ban da faifan birki da taya, a rataya jakunkunan tsotse danshi. Kada a naɗe babur da leda ruf, tana riƙe gumi a ciki.

Mai jan tirela ya sa nauyi ya ɗan rinjaya gaban tayoyin tirelar, domin nauyin baya ne ke sa ta yin wutsiya. Ya tsaya bayan kilomita 20 ko 30 na farko ya sake ɗame bel, sannan a duk tsayawa. A Suwizalan tirela tana bukatar tata takardar babbar hanya ban da ta mota, babur ɗin ma da tasa idan zai hau babbar hanya. A jirgin fito na mota kuwa ƙa'idar ta sauya: a sa giya ta ɗaya, a kafe a ƙafar gefe, a ɗaure hannun birkin gaba, a shimfiɗa safar hannu ko tsumma a kan kujera kafin bel ya bi ta kai, a ɗame ta ɓangaren da ƙafar take.

Karɓa a can

Ka shirya babur ya sauka Litinin ko Talata. Wanda ya sauka daren Juma'a zai tarar da ofishin kwastan na kaya a rufe, kuɗin ajiya kuma yana tafiya. Ka duba ranakun hutun ƙasar ma. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: ka karɓi takardar kaya a ofishin kamfanin, ka biya kuɗin rumbu, ka kai wa kwastan tare da fasfo da rajista da inshora da karne in ana bukata, su duba lambar shasi, su ba da izinin fita. A filin jirgin sama mutum yana iya yi da kansa. A tashar ruwa ka ɗauki wakilin fito, ko da kana jin yaren.

Kafin ka sa hannu a takardar karɓa, ka zagaya akwatin. Huda, ko murƙushewar kusurwa, ko alamar mai a ƙasa, ka ɗauki hoto ka sa a rubuta a takardar nan take. Wanda ya sa hannu cewa kaya sun iso lafiya ya rufe wa kansa ƙofar inshora.

Kayan aikin haɗawa su kasance inda hannu zai kai da an ɗaga murfi: sifanu daidai da notunan taya, abin kwance kusoshin akwati, wuƙa, famfon taya. Gaban babur mai kilo 230 ba ya ɗaguwa da mutum ɗaya. Ka roƙi mai motar ɗaga kaya ya rataye shi da bel minti biyar. A mayar da taya da zobbanta, a ɗaure sandar, a saukar da babur, a danna gaban sau biyar ko shida don shakazoba ya zauna daidai, sannan a ɗaure ƙananan notunan da ke matse sandar, kowane da ƙarfin da littafin babur ya faɗa. Batir a fara da ja, a ƙare da baƙi. Sai abin da mantuwarsa ta fi kowace haɗari: ka matsa hannun birkin gaba sau da yawa har ya yi tauri kafin babur ya motsa ko taku ɗaya. Ka tambayi rumbun ko suna karɓar akwatin da aka kwance, domin wasu suna cajin zubar da shi. In kuma da shi za ka dawo, ka shirya wurin ajiyarsa tun kafin ka iso.

Ranar farko kada ka nufi mashigi mafi tsayi. Ka yi kilomita hamsin a ƙasa, ka tsaya ka sake taɓa kowane notin da aka kwance, ka auna iskar taya, ka saba da hannun da ake tuƙi a ƙasar. Jikinka ma yana bukatar nasa lokacin: daga wajen mita 2,500 ciwon tsayi yana iya kama mutum, da ciwon kai da jiri da rashin barci, shi ya sa masu sauka Leh ta Ladakh, wadda ke kusan mita 3,500, suke hutawa kwana biyu kafin su hau komai. Sanyi kuma yana ƙaruwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, don haka rigar sanyi da safar hannu mai kauri su kasance a saman jaka. A gangare ka sauko da giyar da ka hau da ita, inji ya riƙe babur, birki kuma a kama shi da ƙarfi a saki, kada a yi ta jan sa.

Dawowa

Ka kama gurbin dawowa tun ranar da ka kama na tafiya, domin a ƙarshen lokacin yawo kowa yana neman wuri a mako ɗaya. Ka ware kwana uku na ƙarshe a garin da za a yi lodi, don wanki da rage mai da kwastan. Ka riƙa duba ranakun biyu dabam: na izinin zamanka da na izinin babur, tunda ba lallai su ƙare tare ba, a yankin Schengen na ƙasashen Turai, misali, baƙo yana da kwana 90 cikin 180 alhali babur ɗinsa yana da wata shida. Babur da ya shiga a matsayin baƙo ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta, ba a kuma barin sa a tafi sai da izinin kwastan a rubuce. Idan an sace shi ko ya lalace a hatsari, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka kai wa kwastan su rufe takardarsa kafin ka bar ƙasar. Mai karne kuma, da babur ya iso gida, ya kai shi gaban kwastan su cika shafin ƙarshe da ke shaida ya dawo, sannan ya mayar da littafin ga ƙungiyar da ta ba shi don a sako masa jinginarsa.